Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Mu Rubuta Burinmu, Mu Raba Shi Zango-Zango

Ina da wani tsohon kaye mai shuɗin bango da nake ɗaukowa duk farkon watan Oktoba, ranar da ake komawa makaranta. A shafinsa na ƙarshe akwai jerin abubuwa 12 da na rubuta da jan bik a shekarar 2015, lokacin da na gama makarantar horar da malamai ta Lumbila aka tura ni aiki ƙauye. A saman shafin na sa: "Kafin Oktoba 2025, in Allah ya yarda." To, wa'adin ya cika. Na zauna bayan sallar isha na ƙirga. Bakwai sun tabbata, uku suna kan hanya, biyu kuwa ni da kaina na soke su.

Ba don in nuna gwaninta na kawo wannan zance ba, ai wanda ya ci bakwai cikin sha biyu ko a ajina ba a tafa masa sosai. Na kawo shi ne saboda wani ciwo da nake gani a cikinmu, mu mutanen zango. Buri muna da shi, wallahi, har ya yi yawa. Zauna a kowace majalisar shayi ka ji. Wannan zai gina gida, wancan zai kai tsohuwarsa Makka, ɗayan zai buɗe shago. Ka dawo bayan shekara biyar, za ka tarar da su a kan benci ɗaya, da magana ɗaya, sai dai furfura ta ƙaru. Ra'ayina shi ne, burin da ba a rubuta ba, ba a sa masa rana ba, ba a san kuɗinsa ba, hira ce kawai. Kuma hirar nan ta ci mana gidaje da yawa, har da namu.

A Zangouettin aka haife ni, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar Wagadugu. Ɗaki biyu muke haya a gidan wani dattijo ɗan garinsu Baba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yadi yake sayarwa a babbar kasuwar Rood Woko, kuma yana samu daidai gwargwado. Magana biyu na tashi ina ji a bakinsa. Ta farko: "Baɗi war haka na sayi fili." Ta biyu: "Ni da uwarku sai mun ga Ka'aba." Ba malalaci ba ne, ba kuma mai almubazzaranci ba. Kuɗin ne dai yadda suka shigo haka suke fita: yau suna, gobe biki, jibi baƙo ya sauka daga Kumasi sai an yi masa kuɗin mota.

Sai shekarar 2003 ta zo mana da abu biyu. A ranar 27 ga Mayu gobara ta cinye Rood Woko, kasuwar kuwa ba ta sake buɗewa ba sai 2009. A cikin shekarar dai aka tashi unguwarmu tare da su Koulouba da Tiedpalogo domin shirin ZACA. Masu gida da takarda aka ba su diyya, da yawansu suka koma filayen da aka tanada a wajen Waga 2000 da Nioko. Mu 'yan haya muka ɗaure kayanmu, muka yi ta yawo daga wannan haya zuwa waccan, har muka yada zango a nan Zongo ta yammacin birni, inda nake zaune yau. Baba ya rasu a 2011. Bai ga Ka'aba ba, bai bar fili ba, sai ɗan bashi da ya rage a kansa.

Ba na zargin Baba, ya ciyar da mu, ya sa mu makaranta, Allah ya saka masa da Aljanna. Amma na sha yin lissafi ni kaɗai. Ya yi kusan shekara ashirin kasuwa tana yi da shi. Da ya san kuɗin filin nan, ya raba shi wata-wata, ya ware shi gefe tun kafin ya shiga aljihu, da gobara ta same mu a gidanmu. Niyya yana da ita mai kyau. Abin da ya rasa shi ne rana da adadi.

Abin mamaki, kakanninmu ba haka suke ba. Sunan unguwar da aka haife ni ma daga kalmar zango ya fito. Fataken da suke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, wasu ayarin suna ratsowa ta Gurma da ƙasar Mosi kafin su gangara Salaga, tafiyar watanni suke yi da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata. Babu madugun da ke tashi ya ce "Gwanja za mu" kawai ya kama hanya. Ya san zangon farko, ya san na biyu, ya san inda ruwa yake da inda ake biyan fito, ya san lokacin da ya kamata a ƙetare kogi kafin damina. Akwai jagaba da aikinsa shi ne ya wuce gaba ya duba masauki. Mutanen da suka iya raba tafiya mai nisa haka zango-zango, ta yaya jikokinsu za su kasa raba shekara goma?

Ni a makarantar horar da malamai na fara gane wannan. Abin da aka fi matsa mana a kai shi ne rabon darussa. Ana ba ka aikin shekara gaba ɗaya, ka raba shi wata-wata, ka raba watan mako-mako, kowace safiya kuma ka shiga aji da takardar shirin darasin ranar. Malamin aji shida ya san jarrabawar CEP tana jiran yaransa a watan Yuni, saboda haka tun Oktoba ya san inda ya kamata lissafi ya kai kafin hutun Disamba. Wata rana ina cike irin wannan takarda sai na tambayi kaina: kai da kake tsara wa 'ya'yan mutane shekararsu har da minti, taka rayuwar fa, wa ya tsara ta? Daren nan na rubuta jerin.

Bari in ɗauki abu na farko a jerin, don shi ne ya fi koya mani darasi: kai Inna aikin Hajji. A lokacin kujera tana kan miliyan biyu da 'yan kai na sefa. In ka faɗa wa sabon malamin firamare miliyan biyu, dariya zai yi. Amma da na raba kuɗin gida 120, wato watannin shekara goma, sai ya zama kusan sefa 20,000 a wata. Da nauyi, amma ana iya ɗauka. Daga Janairun 2016, ranar da albashi ya shigo, kafin in sayi ko gishiri, nake cire su. Da farko a cikin waya nake ajiyewa, sai na ga abin da yatsa ke iya taɓawa cikin dare ba ajiya ba ce. Na mayar da su wani asusu da ba ya ba da ruwa, wanda sai na hau moto na je na yi layi kafin in cire ko dala.

Hanyar ba ta miƙe ba. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana mahajjatan waje zuwa. A 2022 da aka buɗe, Saudiyya ta ce sai wanda bai haura shekara 65 ba, Inna kuwa ta haura. Ranar da na ji labarin nan ban yi barci ba, na ce shi ke nan, abin da ya sami Baba zai same ta. Allah ya sa a 2023 aka ɗage sharaɗin, sai dai kuɗin kujera ya tashi ya haura miliyan uku. Lissafina na 2015 ya rushe. Tun 2021 na riga na ƙara ajiyar zuwa 30,000 da kuɗin darasin yamma da nake ba wasu yara, duk da haka a ƙarshen 2023 abin da ke hannuna miliyan biyu ne da kaɗan. Na kira yayata da ke aure a Kumasi, da ƙanena, da Kawu, na nuna musu takardar asusun. Cikin wata biyu suka cika sauran. Inna ta samu shiga cikin kujeru 8,143 da ake ba Burkina, ta yi Hajjin 2024, shekarar zafin nan da aka yi rashin mahajjata sama da 1,300, Allah ya dawo mana da ita lafiya.

Ku lura da abu ɗaya. Mutanen nan da suka cika kuɗin, shekara da shekaru suna jin ana cewa za a kai Inna Makka, babu wanda ya taɓa ba da sisi. Ba rowa ba ce. Mutum ba ya zuba kuɗinsa a kan magana. Da suka ga kayan an ɗago su sun kai gwiwa, sai kowa ya sa hannu aka aza.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mani a fuska. Wani dattijo da muke sallar asuba tare ya taɓa ce mani: "Malam, wa ya ba ka tabbacin gobe da har kake rubuta shekara goma? Wannan ai dogon buri ne." Na girmama maganarsa, don malamai sun yi gargaɗi a kan dogon buri, kuma gaskiyarsu ne. Amma mu duba wane iri suke nufi. Shi ne wanda ke sa mutum ya jinkirta tuba da aikin alheri yana ganin akwai sauran lokaci. In haka ne, mai cewa "baɗi, baɗi" ba tare da ya ajiye komai ba shi ya fi kusa da dogon buri. Wanda ya rubuta kuwa, takardar tana tilasta masa ya yi wani abu a watan nan da yake ciki, don bai san ko zai ga na gaba ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, shirin shekara goma sha huɗu ya tsara wa Masar: bakwai na noma da ajiya a cikin zangarniya, bakwai na ci daga rumbu. Kuma kowa ya san labarin mutumin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah. "In Allah ya yarda" da na rubuta a saman shafina ba ado ba ne. Shi ne ya sa da lissafi ya rushe ban yi fushi da kowa ba.

Wasu kuma za su ce, a ƙasar da muke ciki yau wa ke shirin shekara goma? Wannan tambayar ta fi taɓa ni, don na ɗanɗana. A 2019 aka rufe makarantar ƙauyen da nake koyarwa saboda rashin tsaro, na dawo Wagadugu da jaka ɗaya. Ba ni kaɗai ba ne. Ya zuwa 2023 makarantu sama da 6,000 ne a rufe a ƙasar nan, mutane sama da miliyan biyu sun bar gidajensu. A cikin jerina akwai dasa itatuwa 50. Na dasa 31 a filin makarantar nan, dalbejiya da mangwaro, yara suna ba su ruwa da galan. Tun ranar da na fito ban sake ganinsu ba. Amma jarrabawar ƙwarewar aiki da na ci ta biyo ni, izu shida da na haddace cikin goman da na yi niyya sun biyo ni, asusun Inna ma bai san an rufe makaranta ba. Darasin da na ɗauka shi ne, wanda ke zaune a ƙasa mai girgiza shi ya fi kowa bukatar jeri, kuma ya tabbata rabin abin da ke ciki irin wanda ake tafiya da shi ne: karatu, sana'ar hannu, takardun shaida, ajiyar da ba ta cikin ɗaki. Mu da muka ga katafila a Zangouettin bai kamata a koya mana wannan sau biyu ba.

In ana neman wanda ya yi shiri mai nisa a cikin wahala, ba sai mun je Turai ba. Marigayi Yacouba Sawadogo na Gourga, kusa da Wahiguya, bayan farin shekarun 1970 ya koma kan ƙasar da kowa ya ce ta mutu. Ya riƙa haƙa ramukan nan da ake kira zai tun da rani, yana zuba taki a ciki, yana sa iri da 'ya'yan itace. Mutane suka ce ya taɓu. Rami ɗaya-ɗaya, shekara bayan shekara, har wurin ya zama daji mai faɗin hekta gommai. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, ya rasu a Disambar 2023. Daji ne burinsa, amma abin da yake yi kowace safiya rami ne.

Sai masu cewa wannan zancen masu albashi ne, talaka da ke neman na yau ina ya ga na shekara goma? A nan dole in yi adalci. Akwai gidajen da ko sefa 100 ba ta kwana, kuma ba zan tsaya a kansu ina wa'azin ajiya ba. Amma da yawanmu ba a nan muke ba. Sefa 100 a rana, kuɗin da ba ya isar shayi da sukari na majalisa ɗaya, 36,500 ne a shekara, 182,500 a shekara biyar. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan. Wata maƙwabciyarmu mai tuyar masa da adashi ta saya wa 'yarta keken ɗinki, kuma tun ranar da ta shiga adashin ta san watan da za ta kwasa da abin da za ta yi da shi. Mu maza ne muke raina ƙaramin kuɗi har babban ya gagare mu.

Kuma ba kowane buri ne ke cin kuɗi mai yawa ba. Duk shekara sai na ga yaro mai ƙoƙari ya kai aji shida, lokacin rubuta sunayen masu jarrabawa ya zo, a tarar ba shi da takardar haihuwa. Uban ya shekara goma sha biyu yana cewa zai je ya yi. Sai a shiga guje-guje a ƙurarren lokaci, wani a dace, wani ya rasa shekara guda. Wannan fafe gora ne ranar tafiya. Da uban nan yana da jeri, layi ɗaya ne: takardun yara duka, kafin ƙaramar salla.

Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa a fili ba, wato kada a ce ka zama marowaci, ka yar da zumunci. Ni ma na faɗa ramin nan. A 2018 bikin wata 'yar'uwa ya taso, ga anko, ga gudummawa, ga kunyar a ce malami guda bai yi abin kirki ba. Na je na ciro 200,000 daga asusun Inna. Biki ya watse cikin kwana uku, ni kuwa wata goma na mayar da kaina baya. Daga nan na koyi ware wa zumunci nasa kason kowane wata. In ya ƙare, sai in ce, "Yaya, ki yi haƙuri, abin da ke hannuna ke nan," in kuma je da ƙafata in yi aikin da jiki zai iya. An yi gunaguni da farko. Ranar da Inna ta sauka daga jirgi, masu gunagunin ne a gaba wajen rangaɗa guɗa.

Ga wanda ya ji zai gwada, ga abin da shekara goma ta koya mani. Kada jerin ya yi tsawo, abin da ya wuce goma sha biyu ya zama tatsuniya. Kowane layi a sa masa shekara da kuɗinsa, a kuma ƙara wani abu a kai don farashi ba ya jiran kowa, Hajjin Inna shaida ne. A raba shi har sai an kai ga abin da za a yi a wannan watan. A fara da haƙƙin mutane: ni bashin Baba na fara biya, kafin moto, kafin aure. A nuna wa mutum ɗaya mai riƙon amana, mata ko miji ko aboki, wanda zai iya tambayarka ina aka kwana. Ba sai an kai majalisa ba, mai tsoron baki ma ya huta. A sa rana ɗaya a shekara ta dubawa. Kuma kada a ji kunyar sokewa. Na soke sayen mota don na gane don idon mutane na rubuta ta. Na soke shiga jami'a a wancan zangon don ƙanwata ta samu ta kai ga BAC, ta kuwa samu, ban yi nadama ba.

Abu na takwas a jerina shi ne in iya rubuta Hausa da boko yadda ya kamata. Mu nan da Faransanci muka yi karatu, Moore muke yi a kasuwa, Hausa kuwa ta tsaya a baki da cikin gida. A ƙarshen 2023 aka gyara tsarin mulki aka ɗaga harsunan ƙasa zuwa matsayin harsunan hukuma, Faransanci ya koma harshen aiki. To in mu ba mu rubuta namu ba, wa zai rubuta mana? Wannan rubutun da kuke karantawa, da kurakuransa, daga layin nan na takwas ya fito.

Na buɗe sabon shafi, na rubuta 2035 a sama. Layin farko shi ne wanda ya gagare ni a zangon da ya wuce, ya kuma gagari Baba: fili mai takarda, don har yau a inda ba a raba filaye ba nake zaune, kuma na san abin da hakan ke nufi. Na je na tambayo farashi, na raba shi gida 120, adadin ya ba ni tsoro. Haka na Inna ma ya ba ni tsoro a 2015.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, yau bayan isha a yagi takarda ɗaya daga kayen yaro. A rubuta abu biyar kawai, da shekararsu, da kuɗinsu, da abin da za a fara yi kafin watan nan ya mutu. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya kira ɗansa ya rubuta masa, yaron ma ya koyi wani abu. Allah ya ba mu tsawon rai mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan iyayenmu da suka tafi da burinsu a zuci.